Ranar da Na Kife Kwanon Ruwan Magen Yayata

A lokacin da abin nan ya faru na riga na aurar da 'ya'yana duka, ina zaune a ƙauyenmu da ke yankin Gafasa, ina matsar man gyaɗa ina soya ƙuli-ƙuli, ranar kasuwa in kai Ajingi. Karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba, amma a kan kiwo kam ba na yarda wani ya gaya mini. Cikin awaki da tumaki na tashi. Ni ake kira idan akuya ta kasa haihuwa, ni ake tambaya idan cikin tunkiya ya kumbura. Wannan sanin da nake taƙama da shi, shi ne ya kusa sa ni cin amanar da ba ni da abin biyanta.

Yaya ɗaya ta rage mini a duniya, tana zaune a wajen Balan. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Kano, idanunta kuma sun yi yana. Abokiyar zamanta wata tsohuwar mage ce fara mai baƙin kunne, da ita take hira, ita ke kwanciya a ƙafafunta. Magen tana da ciwon ƙoda, haka likitan dabbobi na Gaya ya faɗa mata tun da daɗewa. Da 'ya'yan suka zo ɗaukar Yaya don a yi mata aikin ido a Kano, ta ce ba inda za ta sai an biya da ita gidana. Ta danƙa mini magen da 'yar robar ƙwayoyi. Ta ce a ba ta ƙwaya kullum da safe, abincinta kuma dafaffen kifi ko nama da romonsa, ba gishiri ba magi, sannan kada ruwa ya yanke a gabanta ko kaɗan. Na yi dariya na tambaye ta mage ce wannan ko matar hakimi. Ta riƙe hannuna ta ce amana ce, in bar taurin kan nan nawa da ta sani tun tana goya ni.

Da farko na bi maganarta, amma ba da ƙwayar nan yaƙi ne. Ta yakushe ni, ta ɓoye ƙwayar a kumatu, in na juya ta tofar a bayan randa. Da na ga tana yawonta lafiya lau, sai na ce ai ta warke, na jefa robar a cikin kwalla. Abinci ma na gaji. A gidanmu ba a taɓa ɗora wa mage tukunya daban ba, abin da mutanen gida suka ci shi take ci. Na koma zuba mata ragowar tuwo da miyar kuka mai daddawa da magi, da kawunan busasshen kifi, ina ganin har gata na yi mata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fitsari. Ta sha ruwa kamar raƙumi, ta bi gida tana tsiyaya, har kusa da buhunan gyaɗata. Ranar da ta jiƙa mini gefen tabarmar sallah na ce an zo wurin. Na yi tunanin da kowace uwa a ƙauyenmu za ta yi, wato yaro mai fitsarin kwance rage masa ruwa ake yi. Na kife kwanonta, sai ɗan kaɗan da nake zuba mata da safe. Da na ga ta fara langaɓewa ta ƙi cin abinci, sai na yi mata abin da nake wa awakina idan sun yi sanyi, na jiƙa jar kanwa na ɗura mata da cokali.

Wata rana da azahar na shigo daga wajen suya na tarar da ita kwance a gindin randa, tana lasar damshin da ke jikin randar. Ta yi amai, ta kasa miƙewa, idanunta sun faɗa. Ina tsaye a kanta sai ga wayar Yaya. Ta ce aikin ya yi kyau, amma an hana ta tafiya tukuna, sannan ta roƙe ni in kara wa magen wayar ta ji kukanta ko hankalinta ya kwanta. Na ce mata barci take yi. Da tsufana na yi wa yayata ƙarya. Ina ajiye wayar, wa'azin da muke ji tun muna yara a kan azabar mai hana mage ci da sha ya faɗo mini. Na ga ranar da Yaya za ta dawo da idon gani, ta nemi abin da ta fi son gani, in ce mata na binne.

Na sa ta a kwando na rufe da zani na fita titi, na nufi Gaya wajen likitan dabbobi. A cikin mota direba ya ɗauka kaji ne, da ya ji ɗan kukanta sai ya ce shi dai tun da yake bin hanyar Gaya bai taɓa jin an buɗe kasuwar maguna ba, ko Hajiya ce za ta fara. Aka yi ta dariya. Wata mata a gefena ta ce wahalar banza nake, in ɓantari farasitamol in ba ta ta miƙe. Wallahi da akwai a jakata da na ba ta, Allah ne ya tsare.

Likitan matashi ne mai haƙuri. Ya ja fatar wuyanta ya saki, fatar ta tsaya ba ta koma ba. Ya tambaye ni me take ci, na faɗa masa komai ban rage ba. Da na zo kan kanwa ya dafe kai, ya kira ni Mama, ya ce mage ba akuya ba ce. Ya yi mini bayani cewa ƙodarta ta zama kamar yagaggiyar rariya, ruwa ba ya tsayawa, don haka yawan shan nan da nake jin haushi shi ke riƙe da ranta, gishiri da kanwa kuma ƙara mata nauyi suke. Ya ce ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake har ƙarshen rai, shi ya sa ba a barin ƙwayar don an ga sauƙi. Farasitamol kuwa, ya ce guba ce ga mage, da na ba ta da ba mu kai haka ba. Ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ya ce ba zai yi mini alkawari ba, in dai riƙa dawowa da ita.

Haka na ajiye suya na yi ta zirga-zirga tsakanin gida da Gaya. Shi ya koya mini in naɗe ta da zani kamar jaririya, in sa ƙwayar can bayan harshe, in shafa maƙogwaronta har sai ta lashi hanci. Na zuba ruwa a kwanuka na ajiye mata a kowane lungu, na sa mata kaskon yashi a bayan ɗaki, na ware 'yar tukunya da gishiri bai taɓa shiga ba. Safiyar da na ga ta tako da kanta ta sa baki a romon kifi, zama na yi a ƙasa ina hamdala, hawaye na zuba.

Da Yaya ta dawo, gidana aka fara sauke ta. Ido ɗaya ya buɗe sarai. Magen na jin muryarta ta tafi ta haye cinyarta. Yaya ta bi bayanta da hannu, ta taɓa haƙarƙarin, sai ta ɗago ta dube ni. Na durƙusa na faɗa mata duka, har ƙaryar barcin. Da na gama ta ce tun ranar ta san ƙarya nake, don magenta ba ta barci da azahar idan ana suya a gida. Ta ce kanwar da na ɗura wa baiwar Allah ni ta fi dacewa da ita, ko ta tausasa mini kai. Muka yi dariya muna share ido, ta ce ta yafe, tunda ga ta tana numfashi a cinyarta. Ban taɓa jin an sauke mini kaya irin na ranar ba. Har yau magen tana nan, ta tsufa, tana shan ƙwayarta.

Na rubuto ne don masu irin halina, waɗanda suka iya abu ɗaya suke zaton sun iya duka. Idan dabbarka tana da ciwon da ba ya warkewa, kada ka yanke mata magani don ka ga ta miƙe, kada ka ba ta naka maganin ko na wata dabbar, kada kuma ka hana ta ruwa don tana ɓata maka gida. Ka tambayi likita ko da za a yi maka dariya a mota. Idan kuma aka ba ka amana aka ce ga yadda za ka yi, to ka yi hakan ko da ba ka gane dalili ba. Ni Allah ya rufa mini asiri na mayar da tawa da ranta, ba kowa ke samun wannan ba.