Ranar da Inna Ta Ambaci Sunan Mu'awiya

A ƙaramin asibitin da muke aiki a Anka, Mu'awiya ne mai kula da kwamfutar da ke ɗauke da bayanan yaran da gubar dalma ta taɓa. Mutumin Duza ne, ɗan malamin allo, ya wuce shekara arba'in, kuma yana da sanyin hali irin wanda kan ba ni haushi. Ko gobara ce ta tashi, sai ya gama sa takalmi zai tambayi inda take. Amma aikin nan ya riƙe shi da amana, domin cikin yaran har da 'ya'yan ƙaninsa Bashiru.

Shi ne ɗan fari a gidansu. Saboda haka Inna Laraba, mahaifiyarsa, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kamar yadda kunya ta tanada. In tana son sa, sai ta ce "kai". In zancensa take da wasu, sai ta ce "wancan na Anka". Ƙannensa kuwa tun daga zaure ake jin tana kwala musu kira. Bai taɓa nuna mana abin ya dame shi ba.

Bara aka tura mu Gusau horo kan tsare bayanai da ƙirƙirarriyar basira. Malamarmu, Malama Ramlatu, ta nuna mana manhajar da ke tantance saƙon bogi, ta kuma ce 'yan damfara yanzu suna iya kwaikwayon muryar kowa da na'ura. Don gwaji, kowa ya nemi izinin wani nasa ya kawo saƙon muryarsa, a kwaikwaye ta da na'ura. Sharaɗi ɗaya ne: bayan gwaji, kowa zai goge muryar bogin da hannunsa. Mu'awiya ya kira gida, Inna ta ce in dai aikinsa ne ta yarda.

Washegari muna shan shayi wayoyi suka fara ƙara, saƙonnin bogin sun iso. Abin da ake so shi ne ka tura saƙon ga manhajar, ka kai rahoto nan take. Nawa muryar yayata ce, na tura, na koma kan burodina. Da na waiwaya sai na ga Mu'awiya a gindin darbejiya, waya manne da kunne. Saƙon ya ƙare, ya sake kunnawa.

Na matsa na ce, "Malam, mi kaka jira? Kowa ya kai nashi."

Ya miƙo mini wayar. Muryar tsohuwa ce sak, har da 'yar shaƙewarta: "Mu'awiya, ɗana, ka turo ma Bashiru kalmar sirri ta kwamfuta, shina son duba sakamakon ɗiyatai. Ka ji, Mu'awiya?"

Na'urar dai ta ga suna ta ɗauka, ba ruwanta da ɗan fari.

Na ce, "To ai ka san ƙarya ta."

Ya ce, "Tun kalma ta hwarko na sani."

Ya karɓi wayarsa ya ƙara kunnawa. Tausayinsa ya kama ni.

Shi ne na ƙarshe da ya kai rahoto, aka kuwa rage masa maki. Da aka zo gogewa, kowa ya goge yana dariya, shi ya tsaya. Ya tambayi Malama Ramlatu ko za ta bar masa nasa. Ya gaya mata dalili. Ita ma, in ji ta, 'yar fari ce.

Ta ce, "Ba zan ƙwace wayarka ba. Amma kai ka gane saboda sunan. In wayar nan ta ɓata a hanyar Anka, wani ya sa muryar ta ce Bashiru, shi da me zai gane?"

Mu'awiya ya duƙar da kai. Bashiru a kan babur yake yini tsakanin ƙauyuka, kuma in Inna ta ce zo, ba ya tambayar ina. Kowa ya san abin da kiran ƙarya kan jawo a hanyoyinmu.

Ya nemi izini ya fita baranda. Ta taga na gan shi ya saurara har ƙarshe, ido a rufe. Sannan ya dawo ya goge a gabanta, ya juya mata fuskar wayar ta gani.

Yanzu shi ke koya wa sauran ma'aikatanmu wannan aiki, da sanyinsa da komai. Kullum yakan ce su tura wa manhaja, amma su kuma kira mai muryar su ji daga bakinsa.

Da muka dawo daga Gusau na raka shi Duza. Muka tarar da Inna tana sheƙar gero a tsakar gida. Ta gaishe ni da sunana, ta tambayi mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya. Shi ko kallonsa ba ta yi ba. Sai da ta shiga ɗaki ta fito mana da kwanonin fura, wanda ta fi cikawa ta ajiye kusa da ƙafarsa, ta kau da kai.

Ta ce, "Kai, sha. Ka rame."