Karkarwar Sitiyari a Hanyar Dogo

Muna sallame sallar asuba muka fito daga Birnin Damagaram, ni da uwargidana da kawuna, sai ragon suna da muka ɗaure a bayan mota. An yi wa ɗan kawun haihuwa a Dogo, kuma tsohon ya riƙe sunan jikarsa a ransa, ya ce sai ya je da ƙafarsa zai raɗa. Ke nan har rago har suna duk a motata suke, mutane kuma can suna jiranmu kafin rana ta ɗaga.

A bakin gari muka sha mai na kwalba, wanda ya ƙara tsada a kan na makon jiya, uwargida ta sayi ƙosai mai zafi. Muka wuce shingen jandarmomi, duwatsun Damagaram suka koma bayanmu, gero ya yi kai dama da hagu. Hanya ta miƙe, na taka mota.

Allurar gudu na haura tamanin sai sitiyari, wanda mu nan muke ce wa bolan, ya kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Na sassauta, ya yi shiru. Na sake takawa, ya dawo, har agogon hannuna yana rawa. Abin ya fi ba ni mamaki a kan tsoro. In hanya ce, me ya sa take zaɓen gudu? Na taɓa birki a hankali in ji ko zai ƙaru, ban ji bambanci ba. Na tambayi uwargida ko kujerarta ta baya tana girgiza, ta ce ita dai ƙosanta bai motsa ba. Na ce to, matsalar a ƙafafun gaba take.

Kawu ya dubi gabas ya ce, "Ɗana, taka mana. Liman ba zai wuni yana jiranmu ba."

Na taka don in faranta masa. Wannan karon har gilashin mota sai da ya yi ƙara. Tsohon ya dafa sitiyarin da tafin hannunsa, ya ji abin da nake ji, ya janye hannun. "A'a, tsaya. Wannan ba lafiya ba."

Muka lallaɓa zuwa wani ƙauye inda mai facin taya ke buɗe rumfarsa, bakinsa da asawaki. Shi ma ya ce bai sani ba sai an duba. Muka fara da notuna, duk a ɗaure suke tam. Muka ɗaga ƙafar dama da kirik, wato jak, na leƙa cikin ƙarfen tayar, sai ga busasshen taɓo ya manne gefe guda, tsarabar gonata ta Tirmini. Na yi murna na ce an kama ɓarawo. Muka kankare shi, na ɗan zaga da motar in gwada. Karkarwar ta ragu, amma tana nan.

Muka ɗaga ta hagu. Daga waje tayar lafiya lau, zanenta bai ko cinye ba. Kawu ya karyo kara ya tsuguna, ya riƙe shi dab da robar, mai faci ya juya ta. Duk zagaye sai ta bugi karan, ƙas, ƙas. Na zura hannu ta ciki ina shafawa, na ci karo da kumburi kamar ƙwan zabo. Mai facin ya tofar da asawakinsa ya ce, "Malam, wayoyin ciki sun tsinke. Da rana ta yi zafi kuna wannan gudun, da sai dai Allah ya kyauta." Uwargida ta yi salati. Ni kuwa na daɗe ina kallon kumburin nan, don da kawu bai ce in tsaya ba, da na ci gaba.

Muka sa tayar ajiya, muka bi hanya sannu sannu. Waya ta yi ta ƙara, ɗan kawun yana roƙon a faɗa masa sunan a wuce wurin. Tsohon ya ce, "Ka ba mutane goro su ƙara haƙuri. Ba zan sa wa jikata suna ta waya ba."

Mun shiga Dogo hantsi ya dubi ludayi, wasu sun tafi gona, amma liman da dattawa suna zaune a tabarma. Kawu ya sunkuya ya raɗa wa liman sunan mahaifiyata, ƙanwarsa da ta rasu bara. Ashe abin da ya ɓoye ke nan. Na koma bayan mota wai zan kwance rago, don kada a ga idona. Daga baya muka ci waina da miyar taushe, aka cika mana ƙwarya da fura mai nonon da babu irinsa a birni.

Da la'asar muka dawo Damagaram, na zarce garaji. Na sayi sabuwar taya, aka ɗora ƙafafun gaba a injin da ke juya su yana nuna gefen da ya fi nauyi. Na tsaya a kan makaniken ina ta tambaya. Ya nuna mini 'yar dalma, ba ta kai ɗan yatsa ba, ya maƙala a bakin ƙarfen, ya ce rashinta kaɗai ya isa ya girgiza mota. Na fita hanyar Tirmini na taka har ɗari, sitiyari ko gezau.

Na koyi cewa in mota ta yi karkarwa, a lura da gudun da take farawa, a ji ko a hannu take ko a kujera, a ga ko birki na ƙara ta, kuma kada a tsaya a laifin farko da aka gani. Na kuma gane makara ba ta ɓata mana komai ba. Da magariba na sauke kawu a ƙofar gidansa da ƙunshin naman suna a hannu, yana ce mini in shirya, wata mai zuwa za mu koma ganin takwarar innata.