Abin da Malama Ta Ji Ta Bango

Shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, muna haya a Kwamba, a wani gida da bangonsa ba ya rufa wa kowa asiri. In maƙwabci ya yi tari, sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Ɗakin da ke manne da na Baba na wata malamar firamare ce 'yar Binuwai, wadda ke koya wa matan cocinsu waƙa. Duk gidan Malama muke ce mata.

Da farko haushinta nake ji. In dawo daga aiki Abuja, cunkoson Madalla ya gama tatse ni, in tarar da ita a tsakar gida tana abin da na ɗauka shirme ne. Matan nata kowacce da yarenta, ga Tibi, ga Idoma, ga Yarbawa, ga Gbagyi, kuma kowacce so take a rera ta garinsu. Malama ba ta jin yawancin yarukan. Sai ta sa mai yaren ta faɗi baitin kamar tana hira, ita kuma ta rufe baki ta bi shi da "mm-mm-mm", hannunta na hawa yana sauka. Sai karin maganar ya zauna mata sannan ta ɗora masa waƙa. Ta taɓa gaya mini cewa in waƙa ta hau inda magana ke sauka, masu yaren ba za su yi ƙorafi ba, amma za su daina buɗe baki. Mu Hausawa kuwa, in ji ta, maganarmu kamar mai saukowa daga bene take, sai in tambaya za mu yi muke ɗaga ta. Na ce na gode, ashe duk rayuwata a bene nake ban sani ba.

Baba ya dawo daga asibiti ba kalma ko ɗaya a bakinsa. Tela ne, kuma a da bakinsa ya fi kekensa gudu. Abin da ya rage masa wani amo ne daga maƙogwaro. Kowace safiya in muka shiga, sai ya kafe mu da ido ya yi shi, iri ɗaya kullum, ya ja ƙarshensa. Mu kawo ruwa, ya kau da kai. Mu gyara filo, mu miƙa magani, ya rufe ido, wani lokaci hawaye ya gangaro masa.

Baffa, ƙanen Baba da suke uba ɗaya, ya yanke cewa hankali ya gushe, ko kuma iska ce. Ya samo wani mai magani can nesa da ake kai mutum a bar shi a hannunsa, har ya sa ranar da mota za ta zo. Na yi faɗa har muryata ta dishe, amma ba ni da hujja. Abin da ya fi ci mini rai, ni kaina na fara shakkar ko akwai sauran Baba a cikin jikin nan.

Ana gab da ranar, Malama ta tare ni a bakin famfo. Ta fara da ba ni haƙuri, ta ce ba laɓe take yi ba, laifin bango ne. Sannan ta rufe baki ta maimaita amon Baba daidai.

"Anti, wannan ba nishi ba ne," ta ce. "Magana ce, amma ba Hausa ba. Taku hawa biyu gare ta, sama da ƙasa, wannan tana da na tsakiya. Haka matana 'yan Gbagyi suke yi. Ban san me yake cewa ba, amma na ji kamar tambaya yake."

Na tsaya da bokiti a hannu. Mahaifiyar Baba 'yar Gbagyi ce, a hannunta ya tashi a ƙauye kafin a kawo shi gari. Mu ba mu taɓa jin yaren a bakinsa ba sai wajen cinikin doya, shi ma dariya muke yi masa. Mu 'ya'yansa muna gabansa ba mu ji ba, ita da ba ta haɗa komai da shi ba ta ji ta bayan bulo. Har yau ban ga mai kunne irin na matar nan ba, kuma ban ga mai kara irin tata ba, don ba ta taɓa tayar da maganar a gaban kowa ba.

Ranar ban je aiki ba. Na hau mashin har ƙauye na ɗauko Gwaggo, yayar Baba da suke uwa ɗaya. Ta kwana, da safe muka shiga tare, Baffa na tsaye a bakin ƙofa da hannu a baya.

Baba ya dube mu ya yi amon nan. Gwaggo ba ta ko yi jim ba, ta amsa masa da yarensu. Ya yi wani daban, ta sake amsawa. Suka yi ta yi, shi da maƙogwaro ita da baki, har fuskarsa ta saki, ɓarin da ke motsi ya yi murmushi.

Baffa ya tambaya a hankali me yake so. Gwaggo ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ya son komai. Gaishe ku yake yi. Yana tambaya kun kwana lafiya, ya yara. Duk kwanakin nan ba wanda ya amsa masa?"

Baffa ne ya fara motsi. Ya cire takalminsa ya shigo, ya durƙusa a gaban gadon, ya kama hannun da ba ya motsi.

"Lafiya lau muka kwana, Yaya," ya ce. "Yara ma duk lafiya. Ba inda za ka je."