Ƙarfen da Na Buga

Injinan ban ruwa ne sunka fara yin shiru. Ƙarfe bakwai da minti goma na safe, ranar Lahadi. Ina tsakar gida ina goge wa Baba farar rigarshi ta sujada. A tungarmu, tsakanin Garu da Madikali, ba a sanin shiru lokacin albasa. Tun asuba injina ke ruri a bakin kogi har rana ta take. Ran nan na ji ɗaya ya mutu, na biyu ya bi shi, sannan duka. Har kukan kurciya na ji. Na ajiye dutsen guga, na duba agogon da Baba ya saya mani da na gama koleji. Shi ya sa nake riƙe da lokutan nan.

Sunana Rahila. Mu biyu ne a gida, ni da Baba, tun da Inna ta rasu. Baba, Malam Ayuba, mai bishara ne. Gida biyar ne na Kirista a tungar, sauran duka Musulmi. Majami'armu ɗaki guda ce ta laka, benci shida. Baba bai iya dogon wa'azi ba, gyaran inji ya iya. Yakan ce mani mutanen nan ba za su buɗe Littafi ba, mu za su duba, don haka in lura da yadda nake gaida tsofaffi da yadda nake amsa wanda ya zage ni.

A gaban majami'a akwai itacen dogon yaro, a jikinshi an rataye ƙarfen ƙafar babbar mota. Baba ya ɗauko shi daga birnin Malanbil. Bugu biyu gare shi, kowa ya san su. A hankali, uku-uku, kiran sujada ne. Da sauri ba tsayawa, gobara ce ko kwalekwale ya kife. Ranar da ya rataye shi, gaban mai gari da liman, ya ce ƙarfen na kowa ne, kuma duk wanda ya buga shi da sauri, shi Ayuba zai fara isowa. Shekara tara bai saɓa ba. Da rumbun liman ya kama wuta, shi ya fara zuwa, ko takalmi babu. Mutane sunka laƙaba mashi Malam Bokiti, yana dariya yana amsawa. Gida biyu cikin biyar ɗin nan, ta wannan hanya sunka fara zuwa jin bishara.

Ran nan ƙarfe shida ya fita. Injin maƙwabcinmu Baba Hamidu ne ya ƙi tashi. Baba ya ce zai dawo kafin takwas, in buga kiran sujada bakwai da rabi, kuma kar in ƙone mashi wuyan riga kamar wancan makon. Wayarshi ya bari kan tebur.

Bakwai da kwata na ji babura. Ba irin tafiyar 'yan kabu-kabu ba ce. Da yawa ne, tare, a hankali. Na leƙa ta kan katanga. Sun tsaya gindin tsamiya a bakin gari, biyu-biyu kan kowane babur, fuska a rufe, bindiga a kafaɗa. Mun daɗe muna jin labarinsu daga wajen daji. Kullum labarin wani gari ne.

Abu guda ya zo mani: Baba yana bakin kogi, bai sani ba. Na fita da gudu. Na ɗauki guntun ƙarfen da muke bugawa da shi. Na buga da sauri, da duk ƙarfina, ban tsaya ba. Ni da na yi karatu, ban tsaya na tambayi kaina abin da bugun nan ke faɗi ba. A cikin kaina cewa nake ku gudu. Shi kuwa ƙarfen, shekara tara abu guda yake faɗi: ku zo.

Sunka zo. Ƙofofi sunka buɗe. Mata da tasoshi, tsofaffi da bokitai, kowa na waige yana neman hayaƙi. Ina ganinsu ina ci gaba da bugawa, hannuna ya ƙi tsayawa.

Harbin farko bakwai da minti ashirin. Sama anka yi shi.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

Tasoshi sunka zube. Ruwa ya bi ƙasa. Wasu sunka kwanta, wasu sunka juya da gudu, sai harbin ya daina zuwa sama.

Wani hannu ya fizge ni ta baya. Inna Rakiya ce, matar Baba Hamidu. Ta ja ni bayan zanar gidanta, ta ɓamɓare guntun ƙarfen daga hannuna ta jefa cikin toka. Ta cire hijabinta ta zura mani, ta danne ni ƙasa. Ta tsagar zana nake kallo.

"Ina mai wa'azin? Ina yake?" in ji ɗaya daga cikin masu bindigar.

Liman na kwance kusa da tushen dogon yaro, fuskarshi cikin ƙasa. An tambaye shi, bai ɗago ba.

Sai na ga Baba. Ta hanyar kogi ya ɓullo, da gudu, singileti duk baƙin mai, shuɗin bokitin Baba Hamidu a hannunshi, ruwa na zuba kan ƙafarshi. Ya tsaya a filin. Ya dubi rufin majami'a, babu wuta. Ya dubi ƙarfen, yana lilo har lokacin, ba kowa gindinshi. Na ga ya sauke numfashi. Sannan ya dubi masu bindigar. Ɗaya ya sake tambayar.

"Ni ne," in ji Baba.

Bai ajiye bokitin ba. Inna Rakiya ta rufe mani baki da hannu guda, ido da ɗayan. Hannunta warin albasa yake. Harbi biyu na ji.

Takwas saura kwata munka fita ta bayan gida. Munka bi fangalin albasa a duƙe, munka faɗa lambatun shinkafa. Laka har gwiwa. Takalmina guda ya tsaya a ciki, na bar shi. Da na waiga, hayaƙi na tashi daga majami'a, baƙi ƙirin. Gobara ce ta gaske, kuma ƙarfen shiru.

Wajen takwas da rabi, inda hanyar gona ta haɗu da ta Garu, babur guda ya tare mu. Mutum biyu.

"Ku tsaya! Wace ce wannan?"

"Ɗiyata ce," in ji Inna Rakiya.

Gicciyena na wuyana ƙarƙashin hijabi, ya manne da zufa. Mutumin ya dube ni. Na dubi ƙafata mara takalmi. Baba kalma biyu ya faɗa a tsaye. Ni ko ɗaya ban iya ba. Ya yi mana alama da bakin bindiga, munka wuce.

Ƙarfe goma munka shiga Garu. Wani mai kabu-kabu da ya san Inna Rakiya ya ɗauke mu duka biyu bai tambayi kome ba. Sha biyu saura munka iso Malanbil. Kasuwa na ci. Manyan motoci sun yi layi wajen duwan, ofishin kwastan, suna jiran haye gada zuwa Gaya. Ana sauke buhunan albasa, wata mai fura na faɗa da wani kan ƙwarya. Babu wanda ya san abin da ya faru.

Gidan yayan Inna Rakiya munka sauka, wani Alhaji mai sayar da shinkafa. Matan gidan sunka ba ni ɗaki da ruwan wanka da zane. Sun yi mani kirki, ban da abin faɗi. Da anka kira azahar kowa ya tashi ya yi alwala, sunka jeru a tsakar gida. Ni kaɗai na rage a ɗaki. Na durƙusa in yi addu'a. Addu'o'in da nake koya wa mata ranar Laraba, ko guda ban samu farkonta ba. Ƙarar ƙarfen kawai ke cikin kunnena.

Ƙarfe uku Baba Hamidu ya iso, laka ta bushe a jikinshi. Ya zauna bakin ƙofa, bai dube ni ba. Ya ce bakwai da 'yan mintuna sunka hango baburan daga bakin kogi, shi ya sa sunka kashe injina. Duka sunka kwanta cikin lambatu, har da Baba. Babu mai ganinsu a wurin. Da ƙarfen ya fara, Baba ya miƙe. Baba Hamidu ya riƙe mashi ƙafa, ya ce Malam ba wuta ba ce, ka ga ko hayaƙi babu. Baba ya ce ya sani. Ya ce an buga, kuma ya san hannun da ke bugawa. Ya cika bokiti ya tafi.

Na tambaye shi, in ya san ba wuta ba ce, me ya sa ya ɗauki ruwa. Baba Hamidu ya ce shi ma tun safe yake tambayar kanshi. Ya ce liman ne ya rufe Baba da rigarshi bayan sun tafi, kuma ya zauna wurin bai bari an taɓa shi ba. Sannan Baba Hamidu ya buɗe leda ya miƙo mani farar rigar Baba. Inda na bar ta ya same ta.

Ƙarfe biyar da minti goma wani jandarma, jami'in tsaro, ya zo, ya rubuta sunana da na Baba. Ya ce mutanen sun koma daji, soja sun shiga tungar.

"Madamazel, nan babu abin da zai same ki," in ji shi.

Na ce to.

Mutum uku anka kashe. Baba. Hadiza mai ƙosai, da ta fito da tasar wankinta. Tsoho Garba, wanda da ƙyar yake tafiya, ya zo da buta. Biyun Musulmi ne. Dukansu ruwa sunka kawo. Gidajen nan biyar na Kirista kowa ya kama hanyarshi, ban san inda uku suke ba. An ce ƙarfen na nan a rataye, wuta ba ta kai gare shi ba.

Rigar na cikin jakata. Hannu guda na goge, da wuyan. Ban ƙone shi ba.