Hannun Belarmino

Duk wanda ya taɓa dasa ko da fure ɗaya a Punta Arenas ya san Belarmino Oyarzo, ko dai ya san hannunsa. Mutumin tsibirin Chiloé ne. Ya gangaro kudu yana ɗan shekara sha bakwai da shebur ɗin aro, wai zai yi shekara ɗaya ya koma gida. Yau shekara arba'in da shida ke nan.

Dashe a garin nan ba wasa ba ne, don ƙasarmu munafuka ce. Satumba na kamawa sai ta yi laushi, shebur ya shige salin-alin, ka ɗauka hunturu ya wuce, alhali sanyin da ke kashe saiwa yana nan kwance a ƙasa. To Belarmino ne mai faɗin ranar dashe. A haƙa rami, ya tuɓe safar hannu, ya durƙusa ya zura hannu har gwiwa, ya lumshe ido. In ya ce "Tana barci," kowa ya mayar da shebur mota. In ya ce "Ta farka," a hau aiki. Shekara da shekaru bai taɓa kuskure ba.

Ximena Vukasovic yake wa aiki, mai zana lambuna. Ita ke tsara inda kowace bishiya za ta tsaya, ta yi karatunta a Santiago, amma ko tsiro ɗaya ba ta yarda a binne sai tsohon ya taɓa ƙasa. Mai haƙa masa ramuka kuwa Nolberto ne, abokinsa na shekara ashirin, mai 'ya'ya huɗu da bakin tsiya.

"Tsoho," in ji Nolberto, "ran da ka mutu hannun nan za mu yanke mu ajiye. Sauran a ba karnuka."

"Karen da ya ci ni ya fi ka hankali," Belarmino kan ce.

Abin da ba wanda ya sani shi ne hannun ya riga shi mutuwa. Da ɗan ƙaramin yatsan dama abin ya fara, hunturu uku da suka wuce, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, ya haye hagu. Sa maɓallin riga ya zame masa aiki. Ko matarsa Clorinda bai gaya wa ba. Tsoro yake ji, tsoro ƙwarai, don in ka cire hannun me ya rage? Tsoho mai ciwon gwiwa.

Sai ga aikin wani sabon otal a bakin teku: itacen lenga ɗari uku, katangar tare iska, waɗanda aka yi shekara huɗu ana reno. Masu otal sun matsa lamba. Nolberto ya haƙa rami, ma'aikata suka zagaye, Belarmino ya durƙusa ya zura hannu. Wayyo! Da hannun da sanda duk ɗaya. Ya daɗe a durƙushe. Ya saci kallon rana, ya ga tana da haske, ya ji bayansa da ɗan ɗumi.

"Baba Belarmino, ya ake ciki?" in ji Ximena.

"Ta farka."

Nuwamba ta zo, lenga ko'ina a gari ta yi ganye, tasu kuwa tsinke. Ximena ta tumɓuke guda, ta ga saiwar ta yi baƙi ƙirin. Ta tumɓuke ta biyu, ta uku. Shekara huɗu ta tafi a banza. Ta juya kan Nolberto.

"Kai ne! Na sha gaya maka ramukanka ba su da zurfi. Tattara kayanka."

"Haba, uwar ɗakina! Wallahi yadda na saba haƙawa na haƙa. Tsoho, gaya mata mana."

Ko a mafarki ba ta zargi hannun ba. Da Belarmino ya yi shiru, shi ke nan, ya tsira. Kuma ya yi shirun, kada a yi masa ƙarya, har Nolberto ya saɓa shebur ya kai bakin mota. Sannan ya taka zuwa wata ƙayar calafate da ke jikin shinge, ya karyo tsini guda mai tsawo.

"Ranki ya daɗe, dubi nan."

Ya kafa ƙayar a tsakiyar tafin hannunsa, ya danna har rabinta ta shige. Jini ya gangaro. Ko gezau bai yi ba.

"Ban ji komai ba a ramin nan," ya ce. "Canka na yi."

Ximena ta rufe baki da hannu. Nolberto ya ajiye shebur, ya dube shi sama da ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Shekara uku muna shan shayin mate a ƙoƙo ɗaya, ka kasa gaya mini? Kuma ka tsaya kana kallo ana korata?" Bai jira amsa ba, ya koma bakin aiki. Har yau bai sake tsokanarsa ba.

Ximena ba ta kori Belarmino da baki ba. Cewa ta yi ya je ya huta, za ta neme shi. Duk sun san ba za ta neme shi ba.

Da la'asar ya isa gida ya tarar da Clorinda tana gasa burodi. Ya zauna gefen murhu ya gaya mata komai, idonsa a kan taga, don ya kasa kallonta. Ya gama, ya jira faɗa ko kuka, bai ji ko ɗaya ba. Shirun ya yi masa ciwo.

"Ba za ki ce komai ba? Ko matsowa kusa da ni ba za ki yi ba?"

"Belarmino," ta ce a hankali, "ai tun da ka fara magana nake riƙe da hannunka."

Sai da ya sunkuya ya duba sannan ya gani.