Sifikar da ke gefen sitiyarin Kyaftin Sa'idu

Da safiyar yau labarin ya same ni. Ina tsaye ina jiran bas a unguwar International City da ke Dubai, Alhaji Mamman ya kira ni, ya ce, "Injiniya, in kana tsaye ka nemi wuri ka zauna. Sa'idu ya rasu."

Ban zauna ba. Bas ta zo, na shiga. Na isa shago a Al Khabaisi, na buɗe ƙofa, na goge tebur kamar kullum. Sai da na ga sukudireba a hannuna, ban kuma san abin da zan kwance da ita ba, sannan bakina ya iya cewa daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sa'idu mutumin Yawuri ne, a cikin kwalekwale ya girma. A nan Dubai yana tuƙa wani jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda baƙi ke haya su zaga gaɓar teku. Kyaftin muke ce masa. Jiya bayan la'asar ya ɗaure jirgi, ya tako waje, ya yanke jiki ya faɗi. An kai shi asibiti, bai kai asuba ba. Alhaji Mamman, wanda suke ɗaki ɗaya a Abu Hail, shi ne yake kansa har ya cika.

Sa'idu ne ya raɗa mini suna Injiniya. Ni kuwa ban shiga ajin wannan aiki ba. Duk abin da na sani game da rediyon mota da na jirgi, daga ƙananan littattafan bayani da ke zuwa cikin kwali na koye shi. Ina karanta su daga bango zuwa bango, har da shafin gargaɗi.

Ranar da ya fara zuwa shagona, ko sallama bai gama ba ya ce, "Wai an ce kai ne mai karanta takardar da kowa ke zubarwa?"

Na ce ni ne.

Damuwarsa ita ce 'yarsa Hauwa'u. Tana hadda a gida, tana ɗaukar karatunta a waya ta turo masa, shi kuma ya saurara ya yi mata gyara. Ba shi da lokacin sauraro sai idan ya sauke baƙi yana mayar da jirgi kwata (haka yake kiran wurin ɗaure jiragen, duk ƙyalƙyalinsa). Ƙarar inji ba ta barin a ji waya, kuma ba shi da damar toshe kunne, domin dole ya riƙa jin kiran masu kula da zirga-zirgar ruwa.

Ya gwada haɗa wayar da rediyon jirgin da kansa, ta bulutut. Ta haɗu kuwa, amma da dukkan sifikun jirgin. Rannan baƙi na tsakiyar rawa a baya, ya taɓa saƙon maiɗakinsa bisa kuskure, muryarta ta cika jirgin.

"Turawa suka hau tafi, Injiniya. Sun zaci sabuwar waƙa ce. Akuya ce fa ta haifi biyu!"

Na je na duba. Rediyon yana raba sauti gida-gida, sai na ware masa ƙaramar sifikar da ke gefen sitiyari. Na koya masa ya riƙa sauke sautin na waje gaba ɗaya kafin ya kunna komai. Na kuma nuna masa yadda zai adana karatun yarinyar tare da waƙoƙin waya, domin ya iya tsayarwa ko ya mayar baya da maɓallin da ke gabansa, hannunsa ɗaya na kan sitiyari. Na sa shi ya maimaita har ya gaji, ya ce, "Khalas, habibi, ya isa haka, ko a mafarki zan iya."

Ina tsoron ruwa. Ya gane haka tun ranar farko, bai kuma taɓa faɗa a gaban kowa ba.

Idan zan shiga jirgin, sai ya ja igiya ya manna shi da gaɓa, ya miƙo mini hannu kamar gaisawa za mu yi. Ya ba ni rigar kariya alhali jirgi a ɗaure yake. Da ya ga ma'aikatan wurin suna murmushi, sai shi ma ya ɗauko tasa ya saka.

Duk wanda ya zo daga gida da busasshen kifi, sai na ga rabona a shago, an naɗe shi a jarida.

Ganina da shi na ƙarshe makon jiya ne. Ya canja waya, ya kira ni in haɗa masa sabuwar. Da muka gama ya kunna mini karatun Hauwa'u, yana bi da leɓɓansa, yana buga yatsa a kan sitiyari duk inda ta yi sauri. Ya ce, "Saura ƙiris ta sauke. Na yi mata alkawari ba ayar da za ta wuce ban ji da kunnena ba."

Sannan ya ce, "Yalla, mu ɗan fita ka sha iska." Na ce sai wani jiƙon. Ya yi dariya, ya ce, "Ranar walimar saukarta dai ba ka da mafita. A kwalekwale zan tsallaka da kai."

Yau bayan azahar na koma jirgin. Ba a samu wayarsa a jikinsa ba, Alhaji Mamman ya ce in duba. Mai jirgin kuma ya roƙe ni in cire wayar Sa'idu daga rediyon, domin wanda zai karɓi tuƙi ya haɗa tasa.

Babu wanda ya ja mini igiya. Na shiga a haka.

Wayar tana cikin aljihun da ke gefen sitiyari, a kulle, ba wanda ya san lambar buɗe ta. Na kunna wutar jirgin. Kafin in taɓa komai, gilashin rediyon ya nuna sunan wayarsa, "Baban Hauwa", muryar yarinyar ta ci gaba daga tsakiyar aya, daga inda ya tsayar jiya.

Ta ƙaramar sifikar kaɗai take fita. Na waje duk a sauke suke, kamar yadda na koya masa.

Abin da ya rage bai da yawa. Da ta kai ƙarshe ta ja numfashi ta ce, "Baba, na gama. Akwai gyara? Ka gaya mini yau fa."

Ban yi kuka ba. Har yanzu ban yi ba. Na buɗe mus'hafi a wayata, na mayar da karatun baya da maɓallin, na bi shi da yatsa layi-layi. Wuri ɗaya na samu, inda ya kamata ta ja, ta gajarta.

Da yamma Alhaji Mamman ya haɗa ni da gidan ta waya domin ta'aziyya, na roƙi mahaifiyar Hauwa'u ta ba ni ita. Ban ƙara komai a kan abin da na gani ba. Na ce mata babanta ya saurari karatunta jiya har kusan ƙarshe, na'ura ta nuna inda ya tsaya, ragowar kuma ni na ji a madadinsa.

Sai ta ce, "Kawu, akwai gyara?"

Na gaya mata wurin.

Ta ce, "Shi ma kullum nan yake kama ni."

Na ce ta riƙa turo mini abin da ya rage. Ni ba mahaddaci ba ne, amma ba na tsallake layi.

Sunansa kuwa ban goge shi daga rediyon ba. Rediyon yana iya riƙe waya fiye da ɗaya, na bayyana wa mai jirgin haka, ya ce in bar shi.

Za a sanar da lokacin jana'iza idan takardun asibiti sun kammala.

Ya Allah, bawanka Sa'idu ya zo gare Ka, Ka yafe masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka tsallakar da shi lafiya kamar yadda ya tsallakar da bayinka. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a. Ya kuma sa Hauwa'u, Allah Ya ba ta ikon ƙarasa haddar.