Sunan da Ba a Kira a Gida

Asabar: Dogon Dutsi zuwa Sukukutane

Na bar gida ƙarfe biyar da kwata, bayan sallar asuba. Tsohon abokina Jauro ne ya aiko mini: an mayar da jikarsa gida daga ajin ƙananan yara, wai kurma ce. Yana so in duba ta, tunda ina jin Fulatanci da Faransanci.

Motar kasuwa ta ɗauke mu a jika uku, wato sefa dubu uku. A shingen jandarma an duba katinmu, aka riƙe mu minti ashirin. Sau biyu muka kafe a rairayi, na yunƙura zan sauka in taya turi.

"Alhaji, zauna abinka," in ji direba. "Turinka da babu duk ɗaya."

Mun isa sha ɗaya da rabi. Daga nan ɗan kabu-kabu ya kai ni rugar Jauro cikin minti arba'in.

A ruga

An kawo fura da nono. Yarinyar, mai shekara biyar, tana bayan bukka tana wasa da igiyar maraƙi. Na kira sunan da ke takardar haihuwarta: "A'ishatu!" Ko motsi.

Jauro ya sunkuyar da kai. "Alhaji, sunan mahaifiyata ne. Wa zai iya faɗinsa a gidan nan?"

"To me kuke ce mata?"

"Innawuro."

A hankali ya faɗa, amma nan take yarinyar ta waiwayo, ta taho da gudu.

Litinin: lakwal (makaranta)

Malamar matashiya ce daga gari, ita kaɗai da yara cike da rumfar zana. Wata uku tana kiran A'ishatu kowace safiya, yarinya na kallon ƙasa. Da na yi mata bayani, ta dafe ƙirji.

"Wayyo, Baba! Har tafi na yi mata a kunne. Ba wanda ya gaya mini."

"Kin tambaya, ɗiyata?"

Ta girgiza kai. Ban ga laifinta sosai ba. Abin da ke rajista aka koya mata ta kira. A wani ƙauyen Mali na taɓa ganin malami yana zaunar da kakanni ranar farko, yana tambayar sunan gida na kowane yaro. Ko alli bai kashe ba.

Malamar ta rubuta "Innawuro" a gefen sunan, ta ce a kawo yarinyar. Muka ɗauko ta. Tana hango rumfar ta ƙanƙame ƙafar kakanta tana kuka. A can ne yara suke kiranta kurma.

"Bari, Alhaji," in ji Jauro. "Jibi shanu za su yi kudu, da ita za mu tafi. A wajen maruƙa an san sunanta."

Na roƙe shi har la'asar. Bai sauya ba.

Talata: komawa

Na iso gida ƙarfe huɗu. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Jauro da iyalinsa da suka karrama ni. Na gode wa malamar kuma, wadda ta ce kullum da safe za ta ci gaba da kiran Innawuro, ko da babu mai amsawa.